Wasiƙa Daga Ulaya: Sarakuna Biyu Da Turawa Suka Kora

Ina neman afuwa saboda jina shiru da kuka yi kwana biyu.

Daren Alhamis da ta wuce wani abokin aikina, mutumin Lahor ta ƙasar Pakistan, ya gayyace ni gidansa a nan unguwar Ulaya. Na tarar da mutum kusan ashirin zaune a kan darduma, injiniya da direba kafaɗa da kafaɗa, ana zagaya shayi. Sai wannan ya karanta baiti, sauran su amsa da "wah, wah", a ce ya maimaita. Wannan zama su ke kira musha'ira. Ba na jin Urdu, amma kunnena ya riƙa tsintar kalmomi: duniya, ƙalam, khabar, wato alƙalami da labari. Rubutunsu da haruffan Larabci ne kamar ajaminmu, ma'aunin waƙarsu kuma daga arulin Larabawa ya samo asali kamar namu. Ashe ma mun daɗe muna shan waƙar Urdu ba mu sani ba, domin waƙoƙin fim ɗin Mother India na 1957 sha'irin Urdu ne ya rubuta su, Shakeel Badayuni.

Can wani dattijo ya karanta wasu baitoci, ɗaki ya yi tsit. Na tambayi na waye, aka ce na Bahadur Shah Zafar ne, sarkin Mugal na ƙarshe. Ya hau gadon Delhi a 1837, lokacin da mulki ya riga ya koma hannun Turawan Ingila, sai dai fadarsa ta zama matattarar sha'irai. Mirza Ghalib da kansa ya zama mai duba masa waƙa. Da boren 1857 ya tashi, sojojin da suka yi tawaye suka ɗauke shi shugaba. Turawa suka murƙushe boren, suka kai shi Rangun ta ƙasar Bama, inda ya rasu a 1862. Ko alama ba a yi wa kabarinsa ba, sai a 1991 aka gano shi.

Wallahi nan take Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya faɗo mini a rai. Turawa ne suka naɗa shi a 1903, su ne kuma suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, ya rasu a can a 1924. Shi ma sha'iri ne na ƙwarai. Shi ya yi Tabarƙoƙo, ya yi Waƙar Diga a zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Yana kan gado amma iko na hannun Razdan, saboda haka abin da baki ba zai iya faɗa a fili ba sai ya sa shi cikin habaici da zambo.

Da na ba su wannan labari, dattijon ya ce, "To ɗana, karanto mana baiti ɗaya nasa." Jama'a, na buɗe baki na rasa! Ni da nake kashe albashi a kantin littattafai na Jarir, ban haddace ko ɗango guda na sarkin ƙasarmu ba. Su kuwa har yaron gidan, wanda a Riyad aka haife shi, yana da baitocin Iqbal a ka. Nawa 'ya'yan suna karanta Larabci da Turanci, Hausa kuwa sai a baki.

Washegari na kira ƙanena a Zariya, na ce ya nemo mini waƙoƙin Ɗan Sidi, ko a wajen malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello ne, ya ba mai zuwa umara. Na yi wa dattijon alkawarin zama na gaba ba zan je hannu rabbana ba, kuma da babban ɗana za mu je.

Kai da kake gida, baiti nawa ka haddace? Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya yarda.