Maijego da Haramcin Ƙarin Jini: Tarihin Wata Mas'ala

Takaicin ganin mata suna cikawa a gabansa saboda zubar jini bayan haihuwa shi ya kai James Blundell, likitan haihuwa a Landan, ga jarraba ɗura jinin mutum a jijiyar wani mutum a shekarar 1818, ko da yake al'amarin bai zauna da gindinsa ba sai da Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini a 1901. Daga bisani ƙarin jini ya zama mafakar likita duk sa'ad da mahaifa ta ƙi tsukewa.

Ana nan, a 1945, Shaidun Jehobah, bisa hujjar nassosin Littafin Farawa da na Firistoci da Ayyukan Manzanni, suka hukunta cewa karɓar jini haramun ne kamar cinsa. A 1961 suka tsananta har da yanke mai karɓa daga jama'a, sa'an nan a 2000 suka bar wa zuciyar kowa hukuncin ƙananan sinadaran da ake tacewa daga jini. Likitan da aka ɗaure wa hannu alhali maijego tana tsiyayewa, ba shi da wata dabara illa ya riga musiba isowa: ya gyara ƙarancin jini tun goyon ciki da maganin sinadarin ƙarfe, ya yi allurar oksitosin, wadda Vincent du Vigneaud ya harhaɗa a 1953, da zarar jariri ya faɗo, in kuwa jini ya ɓalle kada ya jinkirta tiyata, ko da ta kai ga cire mahaifa. Ɗinkin nan mai matse mahaifa wanda Christopher B-Lynch, haifaffen Saliyo, ya bayyana a 1997, da maganin traneksamik, wanda babban bincike na 2017 ya tabbatar da fa'idarsa muddin an ba da shi cikin awa uku, duk sun ƙara masa makami. Kuma a ganina matan da ke haihuwa inda ma'ajiyar jini take wayam sun fi kowa bukatar wannan ilimi. Amma hakika haɗarin rasa rai ya fi yawa ga wadda ta ƙi jini, kuma wajibi ne a gaya mata haka ita kaɗai, tun kafin naƙuda.

A Najeriya mas'alar ta kai Kotun Ƙoli a 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, wanda wata maijego mai wannan aƙida ta rasu a asibitinsa bayan ta rubuta ƙin amincewarta. Alkalai suka wanke shi, suka tabbatar cewa baligi mai hankali yana da hakkin ƙin magani saboda addininsa, ko da ƙin zai kai shi ga ajali.