Daga Allon Boɗinga Zuwa Kalkuletar Amurka

Yau tarihi na zo muku da shi, kuma zan faro shi daga nesa, kafin mu sauka a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari.

A shekarar 1985 ne kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fito da kalkuleta ta farko mai zana hoton lissafi a fuskarta, wato fx-7000G. Wurin ajiyar shirye-shiryenta bayit 422 ne kacal, bayit ɗaya kuwa kamar harafi ɗaya ne, wato wasiƙar gaisuwa ma sai ta cika ta. A 1992 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da TI-85 mai kilobayit 32, wanda kusan 28 ne mai ita zai iya amfani da su. Ba a jima ba ɗalibai suka gano hanyar cusa mata nasu manhajoji da wasanni, nan da nan wuri ya yi kaɗan. Maimakon su zauna jiran kamfani, sai wasu cikinsu suka ɗauko dalma da wayoyi da ɗan ƙwayar ajiyar bayanai, suka harhaɗa ƙaramin akwati da ake sokawa a ramin da aka yi domin haɗa kalkuleta biyu. Suka kuma baza zanen a intanet domin duk mai so ya ƙera nasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda akwatin ke aiki. Kalkuletar ba ta aiki da abin da ke cikinsa kai tsaye. Sai ka kwaso abin da kake bukata ka zuba a ɗan wurin da take da shi, ka yi aikinka, ka goge, ka kwaso wani. To mai karatu, don Allah mene ne wannan in ba allo ba?

Mu dawo gida. Bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, dab da shi. A shekarun nan ne aka shiga shimfiɗa mulki a kan ƙasa mai faɗin gaske, ga shari'a, ga rabon gado, ga zakka, ga wasiƙu zuwa ga masu tuta. Dukkan waɗannan suna bukatar lissafi da ajiya, alhali babu maɗaba'a, takarda kuma sai an yo safararta daga Italiya, ta sauka Tarabulus, ta ratso Sahara a kan raƙuma. Idan ka ɗaga irin wannan takarda a rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya sha irin wannan tafiya ai ba a ɓata shi da gwaji.

Don haka allo shi ne wurin aiki. A fafe shi daga icen aduwa, a feƙe alƙalami daga gamba ko kara, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Duk kayan a bayan gida suke. Almajiri ya rubuta darasin yau, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta wani. Malami mai rabon gado ya yi ta bugun kaso a kan allo har lissafi ya tsaya, sannan sakamakon ya hau takarda. Ita ma takardar da dabara aka tsara ta. Ba a ɗinke littafi, warwatse ake barin ganyayensa, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin na baya don kada su rikice. Da haka malami ke iya ba ɗalibai da yawa ɓangarorin littafi ɗaya su kwafa a lokaci guda, daga baya a tattara a naɗe a tadarishi, a zura a gafaka.

Amma babbar ma'adanar da suka faɗaɗa ita ce ƙirjin ɗan Adam, makullinta kuwa waƙa. Malam Abdullahi ya mayar da ilimin sarfu baitoci a Al-Hisnur Rasin, ya yi haka da ilimin Alƙur'ani a Miftahut Tafsir. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa tare da bayanin dalilin kowace a Tazyinul Waraƙat, wanda a yau masana tarihin jihadi ba su iya yi sai da shi. Awon baiti da amsa-amo su ne masu gadi, domin idan kalma ta zame, kunne zai ji karayar. Daga baya Nana Asma'u ta ɗora a kan wannan hanya, jajinta na 'Yan Taru suna ɗauke da karatu a ka zuwa ƙauyuka.

Dabarar ba ta mutu da zuwan boko ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elemantare a Yabo, ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan ya dawo yana koyar da kimiyya a Midil ɗin da ya baro. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda ke zagayawa da mai sauraro garuruwa da al'ummomin ƙasar nan. Littafin labarin ƙasa ke nan da ba ya bukatar jaka. Tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, yaran makaranta da dama a Arewa sun san sunansa ta wannan waƙa.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Yaran Amurka da malaman Boɗinga ƙunci ɗaya suka tarar, kuma amsa ɗaya suka bayar, wato idan wuri ya yi kaɗan ka ƙera ƙari da abin da ke hannunka, ka kuma koya wa na kusa da kai. Mu yau kowa na da memori a wayarsa wanda zai haɗiye littattafan Malam Abdullahi kaf bai ji komai ba. Amma a gidajen malamai da yawa gafakoki na jingine a soro, gara na ci, damina na jiƙawa, magada kuma ba su iya karanta hannun kakanninsu. Ganye ɗaya ya salwanta daga littafin da ba shi da kwafi, shi ke nan an yi asararsa har abada.

Shawarata ga matasan Boɗinga da Sifawa da Shagari ita ce, ku nemi izinin dattawa, ku buɗe gafakar gidanku, ku ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya, ku kuma nemi mai karanta muku tun yana raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.