Yaƙin Lakota da Sojan Dokin Amurka, 1866–1877

Mutanen da Turawa ke kira Sioux, a furta "Suu", ba da wannan suna su ke kiran kansu ba. Faransawa ne suka ɗauko shi daga bakin maƙwabtansu Ojibwe. Na yammacinsu, waɗanda wannan labari ya shafa, Lakota su ke ce wa kansu. Mahaya ne, mazauna makeken filin ciyawa na tsakiyar Amurka ta Arewa, ba su noma, ba su gina birni. Ɓaunar ƙasar ita ce abincinsu, fatarta ce tantinsu da mayafinsu, inda garke ya nufa kuwa can gari ke ƙaura. Wanda ya riƙe wannan, ba zai yi mamakin yadda mutanen da suka karkashe rundunar gwamnati har sau biyu suka rasa ƙasarsu cikin shekara goma sha ɗaya ba.

Mafarin abin hanya ce. Da aka sami zinariya a Montana, sai fatake da masu haƙa suka riƙa ratsa ƙasar kogin Powder, wadda ita ce wurin farautar Lakota mafi albarka. Zuwa 1866 gwamnati ta kafa sansani uku don tsaron hanyar. Wani shugaba, Mahpiya Luta, watau Jan Girgije, ya ce ba za ta saɓu ba. Ran 21 ga Disamba na shekarar, mayaƙansa suka fāɗa wa masu saran itace na sansanin Phil Kearny. Kyaftin William Fetterman ya fito da mutum 80, dakaru da 'yan doki. Waɗansu 'yan samari suka yi ta gilmawa gabansa kamar masu gudu, har suka janye shi bayan wani tudu inda aka yi masa kwanton ɓauna. Ko ɗaya bai koma ba.

A 1868 aka ƙulla alkawari a sansanin Laramie. Gwamnati ta kwashe sojanta daga sansanonin nan uku, aka cinna musu wuta, sa'an nan Jan Girgije ya sa hannu. Aka keɓe wa Lakota ƙasa mai faɗi, har da Baƙaƙen Duwatsu, Paha Sapa, waɗanda su ke girmamawa ƙwarai. Aka kuma rubuta cewa ba za a yanki kome daga cikinta ba sai da yardar kashi uku cikin huɗu na mazajensu.

Alkawarin bai wuce shekara shida ba. A 1874 Laftanar Kanar George Custer ya shiga Baƙaƙen Duwatsu da runduna, aka ga zinariya, masu haƙa suka kwararo. Gwamnati ta taya ƙasar, Lakota suka ce albarka. Sai aka ba da doka, duk wanda bai komo ƙasar da aka keɓe ba kafin 31 ga Janairu, 1876, abokin gaba ne. Wa'adi ne da ko mai son bi ba zai iya cikawa ba, gama tsakiyar hunturu ne, ƙanƙara ta rufe hanya.

Da ciyawa ta tsiro, Lakota da abokansu Cheyenne suka taru wuri guda ƙarƙashin Tatanka Iyotake, wanda Turawa ke kira Sitting Bull, da jarumin nan Tashunke Witko, watau Crazy Horse. Ran 17 ga Yuni suka tare Janar George Crook a kogin Rosebud, ya ja da baya. Bayan kwana takwas Custer ya iske sansaninsu a bakin kogin Little Bighorn da runduna ta 7 ta sojan doki, mutum fiye da 600. 'Yan leƙen asirinsa na kabilar Crow, waɗanda Lakota suka daɗe da matsa wa a wannan ƙasa, sun faɗa masa taron ya yi yawa. Shi kuwa abin da ya ke tsoro kada su watse, saboda haka ya rarraba mutanensa. Mayaƙan da suka fito masa sun kai 1,500 ko fiye, waɗansu da bindigogi masu harbi a jere, alhali ta sojan sai an ɗura bayan kowane harbi. Custer da mutum kamar 210 da ke tare da shi duk suka halaka. Jimlar waɗanda rundunar ta rasa 268.

Daga nan ne bambancin ya bayyana. Dubban dawaki ba su daɗewa a makiyaya ɗaya, naman daji kuma ba ya tsayawa kusa da babban taro, saboda haka cikin 'yan makonni sansanin ya watse. Mayaƙin Lakota shi ne maharbin gidansa. Ranar da ya fita yaƙi, iyalinsa ba su da mai nema. Soja kuwa jirgin ruwa da na ƙasa ke kawo masa guzuri, dokinsa na cin hatsi, yana iya tafiya cikin ɗari sa'ad da dawakin Lakota suka rame. Kanar Nelson Miles ya bi su duk hunturun nan. Gari in aka fāɗa masa, aka ƙone tantuna da busasshen nama, aka kwashe dawaki, to, ya karye ko ba a kashe mutum goma ba.

Majalisar Dokoki kuma ta ce a yanke abincin da a ke ba waɗanda ke zaune a ƙasar da aka keɓe, sai sun saki Baƙaƙen Duwatsu. Kamar ɗaya cikin goma na mazajen ne suka sa hannu, amma a Fabrairu, 1877, aka karɓe ƙasar. Cikin Mayu Tashunke Witko ya miƙa wuya, ran 5 ga Satumba aka soke shi a sansanin Robinson, ya mutu. Tatanka Iyotake ya tsallaka Kanada, yunwa ta komo da shi a 1881. Zuwa 1883 'yan kasuwar fata sun ƙarar da garken ɓauna na arewa.

A 1980 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa an karɓi duwatsun ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar fiye da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin na nan ajiye a hannun gwamnati.