Littafin da ya zo Galmi daga kudu

Matafiyin da ya baro Madawa ya nufi Birnin Ƙonni a kan babbar hanyar kwalta, dole ya ratsa Galmi. Abu biyu suka fitar da sunan garin: albasa, da asibitin da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a hannun likita Burt Long. Daga Madawa, Buza, Keita da ƙauyukan kwarin Majiya, har daga ƙetaren iyaka, ana kai marasa lafiya can. Galibinsu Musulmi ne, kuma Musulmi suke komawa gida. Amma a harabar asibitin sukan ji mai bishara yana karanta wani littafi da Hausa zalla, bugun ɗab'i, cikin haruffan boko. Adar da Gobir Tudu sun daɗe da sanin karatu, suna da makarantun allo da waƙoƙin wa'azi na ajami. Irin wannan littafi ne baƙo a wurinsu, kuma labarin yadda ya iso ya shafi tarihin rubutun Hausa a Nijar fiye da yadda aka saba faɗi.

Abin mamaki, tushen littafin yana taɓa ƙasar Nijar tun kafin a sa mata wannan suna. Dorugu, yaron da aka kama bauta a yankin Damagaram, ya bi Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna da James Frederick Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa, yana ba shi labarai da kalmomi. Da taimakon abin da ya ji daga bakinsa Schön ya ci gaba da fassara, har Sabon Alkawari ya fito a 1880, sannan Magana Hausa a 1885. Hausar Schön ta Bature ce, ba ta shiga kunnen Bahaushe da daɗi, kuma ba ta sami masu karatu a ƙasar Hausa ba. Sai da aikin ya koma Zariya, inda likita Walter Miller na mishan ta CMS ya zauna tun 1905, aka sami fassarar da ta zauna da gindinta. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932.

Kafin nan SIM ta riga ta tsallako arewa. Ta sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, inda daga baya aka yi makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Masu mishan ɗin Turawa ne masu jin Ingilishi, cibiyarsu tana Jos, a ƙasar da Ingila ke mulka. Faransa kuwa ba ta sakin jiki da su. Dokar 1922 ta Afirka ta Yamma ta Faransa ta wajabta cewa duk makaranta mai zaman kanta da Faransanci za ta koyar, amma ta bar ƙofar yin ibada da harsunan ƙasa. Ta wannan ƙofa suka shiga. Ba su da Faransancin da zai ishe su buɗe lakwal irin wadda gwamnati ke so, sai suka duƙufa kan abin da suka iya, wato koya wa mutum haruffa da Hausa har ya iya buɗe littafin da kansa.

A nan ne, a ganina, tarihin ya fi ban sha'awa. Sai ga hanyoyin karatu uku a ƙasa ɗaya. Almajiri yana karanta Larabci, yana rubuta Hausarsa da ajami. Ɗan lakwal yana karanta Faransanci, kuma akan hukunta shi in ya yi Hausa a aji. Ɗan mishan kuwa, wanda sau da yawa manomi ne ko ma'aikacin asibiti ko wanda ya yi jinyar kuturta a Danja, yana karanta harshen da ya sha a nono cikin haruffan Bature. Karatunsa ba ya kai shi ofis, ba ya sa a kira shi malam a zauren gari. Amfaninsa guda ne: ya zauna da littafinsa da asuba ko bayan an tashi daga gona, ya karanta, ya yi tunani, ya yi addu'a.

Kayan karatun ba su da yawa. Akwai Littafi Mai Tsarki, akwai Littafin Waƙoƙi, sai ƙananan takardu na koyon haruffa da na koyarwa da ake bugowa daga Najeriya. Ƙarancin ya sa ana maimaita abu guda har ya zauna a ka. Haddar aya ta zama ginshiƙin tarbiyya ga yara, haka ma a taron zumuntar mata, inda wadda ta iya karatu ke karanta wa waɗanda ba su iya ba. Wanda ya san makarantar allo zai ga kamanni a nan, ko da ɓangarorin biyu ba za su so a faɗa ba. Daga 1954 kuma gidan rediyon ELWA na Laberiya ya fara aiki, shirye-shiryensa na Hausa suka riƙa kai karatun ga kunnen wanda bai taɓa riƙe takarda ba.

Kalmomin littafin su ma suna da nasu labari. Masu fassara sun tarar da Hausa ta riga ta cika da kalmomin addini da Musulunci ya kawo, ba su da wata rijiyar da za su ɗiba sai ita. Saboda haka Kirista Bahaushe yana cewa Allah, annabi, zunubi, tuba, sujada, Zabura, Almasihu, yana karanta labarin Ibrahim da Musa da Dawuda da sunayen da maƙwabcinsa ya sani. A wuri ɗaya dai suka ja layi, suka ce Yesu maimakon Isa. Majinyacin da ke kwance a Galmi yakan ji kusan kowace kalma ta gida ce, sai an zo kan wannan suna, da kan lafazin Ɗan Allah, ya gane inda hanya ta rabu.

Bayan 'yancin kai na 1960, Kiristocin da mishan ta tara suka tsaya da ƙafarsu a ƙarƙashin ekklesiyar EERN. A farkon shekarun nan ne gwamnati ta kafa aikin yaƙi da jahilci da harsunan ƙasa, kuma sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Wato 'yan tsirarun nan sun riga hukuma karanta Hausar boko da shekaru masu yawa, abin da ba kasafai ake ambata ba idan ana ba da tarihin yaƙi da jahilci. Amma ribar ba ta zo ba tare da asara ba. 'Ya'yansu da suka shiga lakwal suka yi nisa sun koma ga fassarar Faransanci ta Louis Segond, Hausa ta zama ta iyaye da ta ƙauye. Littattafan tunani da na gina ruhaniya kuwa, har yau mafi yawansu daga Najeriya suke zuwa ko daga ƙasashen Turai.

Ko sabuwar fassarar da ta fito a ƙarshen shekarun 1970 ba ta sauya wannan ba, domin ita ma da daidaitacciyar Hausa aka yi ta, mai bin karin Kano. Ba'adare ba haka yake magana ba. Yana cewa tahi inda littafi ya ce tafi, biyat inda ya ce biyar, kassuwa inda ya ce kasuwa. Nijar ma tana da nata ƙa'idojin rubutu, waɗanda dokar 1999 ta tabbatar, inda ake rubuta ƴa da harafi mai ƙugiya a maimakon 'ya. Yau matasa da dama a wayar hannu suke karanta littafin ko su saurare shi, amma Hausar tana nan ta kudu. Mai karatu a ƙaramar majami'a ta Adar yakan ga tafi a kan shafi, bakinsa ya furta tahi, masu saurare kuma ba su ɗaga kai.