Rafin Ogunpa da Lafiyar Mutanen Sabo

Jama'ar Sabo, yau tarihin wani maƙwabcinmu za mu taɓo, wanda ya riga mu zama a garin nan, wato rafin Ogunpa.

A shekarar 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a gefen Mokola. Fataucin goro da shanu ne ya zaunar da su a Badun, kuma duka sana'o'in biyu da ƙasa suka dogara. Goro ɗan itace ne mai son inuwa da ruwan kurmi. Ganyen fita da ake ɗaure huhu da shi, a daji ake yanko shi. Saniya kuwa in ba ciyawa da mashaya a hanya, ba ta isa kara da ƙibarta. Ga kuma duba-gari, wanda Yarbawa ke kira wole-wole, yana shiga gida gida, yana leƙa randa da makewayi. Dattawa sun sha ba mu labarin yadda ake rawar jiki da tsintsiya in an hango shi.

Sai gari ya bunƙasa. Aka sare itatuwan kan tuddai, aka yi gini har bakin rafi, kowa ya mai da Ogunpa bolarsa. Tudun da ba itace ba ya riƙe ruwan sama, gaba ɗaya yake sako shi, ya zo ya tarar an toshe masa hanya da shara. Rafin ya yi ambaliya a 1960 da 1963 da 1978. A tsakani, a 1971, cutar amai da gudawa ta shigo garin, kuma mun san abincinta ƙazamin ruwa ne.

Babbar ta zo ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980, zamanin gwamna Bola Ige. Ruwa ya ci gidaje da gadoji da rumfunan kasuwa, ya lalata lambun Agodi, mutum sama da ɗari suka rasu. Shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari da kansa ya zo jaje. Har yau Yarbawa na kiran abin Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Daga nan aka ɗauki shekaru ana yashe rafin, ana yi masa bangon kankare.

An yi bango, amma ba a sake hali ba. Daren Juma'a 26 ga Agusta 2011, muna cikin goman ƙarshe na azumi, ruwa ya sake ɓallewa a garin, har madatsar Eleyele ta tumbatsa. A nan ma an rasa sama da mutum ɗari. A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magance ambaliyar Badun.

To, ina ruwan wannan da lafiyarmu? Ai bayan ruwa ya janye ne ake ganin sauran aikinsa. Masai ya haɗe da rijiya, kwata ta kwanta ta zama gidan sauro, yara su kama zazzaɓi. Maigida ya rufe shago yana zaryar asibiti, kuɗin magani ya cinye jari. Ko hadari aka haɗa, mai gida a gangare ba ya barci. Kun ga ledar da muka jefa a kwata, ita ce ta dawo ta shiga aljihunmu da jikin 'ya'yanmu.

Wani zai ce ai mu baƙi ne, gyaran gari na masu gari ne. Baƙon da ya haura shekara ɗari, kaburburan kakanninsa suna nan, wane irin baƙo ne? Sauro dai ba ya tambayar asali.

Saboda haka kafin damina ta kankama, kowane layi ya fito ya yashe kwatarsa. Mai shayi, mai suya, mai goro, kowa ya ajiye kwandon shara a gaban sana'arsa. Mahauta su daina sakin jini da kayan ciki a magudanar ruwa. Mai ɗan fili a ƙofar gida ya dasa dogon yaro, wanda har maƙwabtanmu da sunansa na Hausa suka san shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa.