Karen Cavalier: Ɗan lelen Turawa mai fama da cututtukan gado

Cavalier King Charles Spaniel wani ɗan ƙaramin kare ne da asalinsa ya fito daga Birtaniya, kuma yana cikin karnukan da iyalai a Turai da Amurka suka fi sha'awar ajiyewa a cikin gida.

Nauyinsa bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba, tsayinsa kuwa kimanin santimita 30 zuwa 33. Ana gane shi da dogayen kunnuwa masu laushin gashi da manyan idanu. Launinsa iri huɗu ne, mafi shahara shi ne fari da ja-ja, wanda ake kira Blenheim, sunan wata fada da ke Ingila.

Asalinsa

An laƙaba masa sunan Sarki Charles na Biyu, wanda ya mulki Ingila daga 1660 zuwa 1685. Sarkin ya shaƙu da ƙananan karnuka ƙwarai, har wani jami'in gwamnatinsa, Samuel Pepys, ya rubuta cewa yakan shagala da wasa da karensa ana tsakiyar zaman majalisa.

Daga baya masu kiwo suka karkata ga karnuka masu gajeren hanci, tsohuwar kamar ta kusa ɓacewa. A 1926 wani Ba'amurke mai suna Roswell Eldridge ya sa kyautar fam 25 a gasar karnuka ta Crufts ga duk wanda ya kawo kare mai kama da na zane-zanen zamanin sarkin. An kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1928, hukumar rajistar karnuka ta Birtaniya kuma ta amince da shi a 1945.

Zama da shi

Wanda ya san kare a matsayin mai gadi ko abokin farauta zai yi mamakin wannan. Ba ya tsare gida, domin baƙo ma da murna yake tarbarsa. Amfaninsa ɗebe kewa ne kawai.

Yana da haƙuri da yara, yana kuma zama lafiya da tsofaffi, shi ya sa masu ƙananan gidaje a birane suke son sa. Shugaban Amurka Ronald Reagan ma ya ajiye guda, mai suna Rex, a fadar White House daga 1985.

Sai dai ba ya jure kaɗaici; idan aka bar shi wuni guda shi kaɗai yakan shiga damuwa. Yana buƙatar yawo kullum, da taje gashi, da duba kunnuwansa a kai a kai saboda suna saurin kamuwa da ciwo.

Matsalar lafiya

A nan gizo yake saƙa. Karnukan yau duk sun fito ne daga 'yan tsirarun iyaye, kuma yawan haɗa dangi na kusa ya yaɗa cututtuka a tsakaninsu.

Babbar ita ce ciwon zuciya. Wata 'yar ƙofa da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya takan lalace da wuri, kuma akasarin waɗanda suka kai shekara 10 suna da alamunta. Ita ce ta fi kashe su.

Ta biyu ta fi ban tausayi. Ƙoƙon kan da yawa daga cikinsu ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, abin da kan sa ruwa ya taru a cikin laka. Karen da ya kamu yakan yi ta susar iska kusa da wuyansa, wani lokaci ya yi kuka idan aka taɓa shi. Magani na rage zafin, amma ba ya warkarwa, kuma kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da na likita ba ƙaramin nauyi ba ne ga iyali.

A 2008 BBC ta nuna wani shirin talabijin, Pedigree Dogs Exposed, da ya fallasa lamarin, daga bisani kuma ta daina nuna gasar Crufts.

Ƙasar Norway ta wuce nan. A 2023 kotun ƙolinta ta yanke hukunci cewa kiwon wannan kare domin ya hayayyafa ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. Hukuncin bai hana mallakarsa ba.

Likitocin dabbobi na shawartar mai niyyar saye da ya nemi shaidar gwajin zuciya na uwa da uban ɗan kwikwiyon kafin ya biya kuɗi.