Fensir Rabin Miliyan: Lokacin da 'Yan Kallo Suka Tsaya Wa Marubuta a Amurka

Da yawanmu da muka yi zamanin sayen faifan fina-finan Turawa masu dogon zango a bakin kasuwa za mu iya tuna wani abu da ya ɗaure mana kai wajajen 2008. Prison Break da ya saba zuwa da kashi 22, zangonsa na uku ya tsaya a kashi 13. Heroes zango na biyu bai wuce kashi 11 ba. Shi kuwa 24, zangonsa na bakwai bai fito ba sai a Janairun 2009. Wasunmu har mai faifan muka zarga da cuta, alhali bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Marubutan labaran ne suka tafi yajin aiki.

Ranar 5 ga Nuwamba 2007 ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka, Writers Guild of America, mai mambobi kusan 12,000, ta janye daga aiki. Rigimar a kan kuɗin maimaici ce, wato ɗan kason da ake biyan marubuci duk lokacin da aka sake nuna aikinsa ko aka sayar da shi ta wata sabuwar hanya. Da wannan kuɗi marubuci ke ciyar da iyalinsa a watannin da babu aiki, kuma sana'ar tasu ta gaji zaman jira. Ba a banza suka sami wannan haƙƙi ba. Yajin aikin 1960 na cikin abin da ya kafa shi.

Amma akwai tsohon miki. A shekarun 1980, da kaset ɗin bidiyo ya fito, kamfanoni suka ce kasuwa ce sabuwa, ba a san inda za ta dosa ba, marubuta su yi haƙuri da ɗan kaɗan tukuna. Suka yarda. Kaset ya bunƙasa, DVD ya zo ya gaje shi, kamfanoni suka kwashi dukiya, kason marubuci bai motsa ba: kusan santi 4 a kan faifan da ake sayarwa wajen dala 20. To, a 2007 sai ga kamfanonin sun dawo da zance iri ɗaya a kan intanet. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Marubuta suka ce wannan karon ba za ta saɓu ba.

Yajin ya faɗo a ƙarshen zangon karatu na jami'o'in Amurka, lokacin da ɗalibai ke kwana a ɗakin karatu, ga rubutun da za a miƙa, ga jarrabawar Disamba ta ƙarato. Duk wanda ya yi ɗalibta ya san irin wannan gajiya, ya kuma san darajar rabin awar da mutum zai ajiye littafi ya yi dariya. Shirye-shiryen barkwanci na dare, irin The Daily Show na Jon Stewart da matasa ke so, su ne suka fara tsayawa, domin kullum ake rubuta su. Tun daren farko aka koma maimaita tsofaffi. Har taken marubutan ma daga ɗakin jarrabawa aka aro shi: a ajiye fensir, abin da mai tsaron jarrabawa ke faɗa idan lokaci ya cika.

A al'ada, wanda yajin aiki ya hana wa abin da yake so, haushin masu yajin yake ji. Nan abin ya zo da bambanci. Wani binciken jin ra'ayi da Jami'ar Pepperdine ta yi a watan Nuwamba ya nuna kashi 63 cikin 100 suna bayan marubuta, kashi 4 kacal ke bayan kamfanoni. Masoya shirye-shiryen ba su tsaya a fatar baki ba. Sun riƙa haɗa kuɗi ana kai wa masu zanga-zanga abinci a ƙofofin kamfanoni. Ranar 7 ga Disamba, masoyan ayyukan marubuci Joss Whedon suka yi tururuwa zuwa ƙofar kamfanin Fox a Los Angeles, suka ɗauki kwalaye suka yi ta zagaye tare da marubuta da 'yan wasa.

Dama sun riga sun ɗanɗana ƙarfinsu. A watan Mayun shekarar, da tashar CBS ta soke shirin Jericho, masoyansa suka yi mata ruwan gyaɗa, kusan tan 20, har sai da ta dawo da shirin. Da wannan darasi aka shirya gangamin fensir: ka biya dala ɗaya, a saya maka kwalin fensir 12, a aika wa shugabannin manyan kamfanoni shida. Dala ɗaya ba ta fi ƙarfin ɗalibin da aljihunsa ya bushe ba, kuma ba sai ya bar karatunsa ya tafi Los Angeles ba. Ranar 11 ga Disamba aka ɗauki fensir sama da 500,000 zuwa ƙofofin kamfanonin, masu gadi suka hana shiga da su.

Sai dai kada mu zuzuta labarin fiye da yadda yake. A ranar da ake zagayen Fox ɗin nan tattaunawa ta watse. Gajiya ta kama kowa. Masu haska fitila, masu kwalliya, direbobi da masu dafa abinci, waɗanda ba su da kaso a abin da ake faɗa a kai, suka rasa aiki ana gab da Kirsimeti. A farkon Janairu shirye-shiryen dare suka dawo, yawancinsu babu marubuta. Conan O'Brien har zoben aurensa ya riƙa wulwulawa a kan tebur don cike lokaci. Abin da ya girgiza kamfanoni da gaske shi ne 'yan wasa da suka ƙi halartar bikin Golden Globes, ya koma taron manema labarai ranar 13 ga Janairu 2008, ga kuma fargabar kada bikin Oscar ya bi sahu. Ƙungiyar daraktoci ta cim ma tata yarjejeniyar a watan, ita ta zama ma'auni. Ranar 12 ga Fabrairu marubuta suka kaɗa ƙuri'ar komawa aiki, bayan kwana 100.

Ba su sami ƙarin kuɗin DVD ba. Wannan buƙata sun haƙura da ita. Abin da suka samu shi ne kaso a ayyukan da ake kallo ta intanet, da ikon ƙungiya a kan shirye-shiryen da aka yi don intanet. A lokacin wasu sun ce wahalar ba ta biya ba. Shekara biyar bayan haka Netflix ya fito da House of Cards, kallo ya fara ƙaura daga akwatin talabijin zuwa irin wayar da ke hannunmu. A kan wannan harsashi suka tsaya a 2023, da suka sake yin yajin kwana 148 a kan kuɗin kallon intanet da ƙirƙirarriyar basira.

Fensir bai karya kamfani ba, amma ya hana kamfanoni makamin da suka fi dogara da shi, wato fushin 'yan kallo a kan marubuta. Mu ma yanzu muna da namu shirye-shirye masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, muna haddace sunan jarumi da jaruma, muna jayayya a kan abin da zai faru mako mai zuwa. Wanda ya zauna ya tsara wannan makon kuwa, sunansa kan wuce a farkon shiri muna gyara zama. A kashi na gaba, mu ɗan dakata mu karanta shi.